Yadda Kamfanin Jinga Zai Tsare Ingancin Aikinsa, Ya Kuma Hana Kuskure Ɗaya Dawowa Sau Biyu

Duk wanda ya taɓa kai wa tela babbar riga, shi kuma telan ya miƙa aikin wuyan ga wani mai surfani da ba a sani ba, ya riga ya fahimci tushen wannan magana. Mai riga bai ga wanda ya yi aikin ba, wanda ya yi aikin bai ji abin da mai riga ya faɗa da bakinsa ba, kuma idan an sami tangarɗa tela ne zai sha kunya. Manyan kamfanonin duniya sun daɗe suna yin irin wannan jinga a kan ayyukan ofis. Banki a Landan ya kan miƙa amsa kiran abokan cinikinsa ga wani kamfani a Manila ta ƙasar Filifin, kamfanin inshora a Amurka ya miƙa shigar da bayanan takardunsa ga wani a Gurgaon ta Indiya, mai ƙera motoci a Jamus kuma ya ba injiniyoyin Bengaluru rubutun manhajarsa. Wannan jagora ta shafi ɓangaren masu karɓar aikin ne, wato kamfanin jinga, da abin da shugabanninsa za su yi domin aikin ya riƙa fita da kyau ko da an canza hannun da ke yin sa.

Abubuwa biyu ne suka bambanta kamfanin jinga da masana'antar da ke yin kayanta da kanta. Na farko, sanin aikin a rabe yake tsakanin gidaje biyu: mai ba da aiki ne ya san dalilin kowace ƙa'ida, kamfanin jinga kuwa shi ne yake ganin inda ƙa'idar take cije wa a kullum. Na biyu, ma'aikata ba sa daɗewa, musamman a cibiyoyin amsa kira inda ake kwana ana aiki domin a dace da ranar wata nahiya. Saboda haka ilimin da ya zauna a kan mutum ɗaya kawai, baƙo ne, gobe yana iya ɗaukar jakarsa ya tafi.

Indiya ce ta fi kowa gogewa a wannan fage, kuma tilas ce ta koya mata. Texas Instruments ya buɗe cibiyarsa a Bengaluru a 1985, General Electric ya kafa ofishin ayyukan bayan fage a Gurgaon a 1997, wanda daga baya ya zama Genpact, sannan fargabar rikicewar kwamfutoci a shiga shekarar 2000 ta kwararo wa kamfanoni irin su Infosys da Wipro da TCS aikin gyaran tsofaffin manhajoji. Matsalarsu ita ce yadda za su gamsar da baƙon da ke nesa da dubban kilomitoci cewa araha ba ta nufin aikin banza. Amsar da suka samu ita ce tsari rubutacce wanda wani na waje zai iya zuwa ya bincika, kuma daga abin da suka gwada ne aka tsamo yawancin shawarwarin da ke tafe.

A fara da daidaita ma'anar aiki mai kyau

Kafin a taɓa aiki ko ɗaya, a zauna da mai ba da aiki a fayyace abin da yake kira aiki mai kyau, kuma kada a yarda da kalmomi irin su «da sauri» ko «cikin ladabi» su tsaya su kaɗai. Hanyar da ta fi aiki ita ce a nemi ya kawo misalai na gaske daga aikin da aka riga aka yi: takardu ashirin ko talatin da ya amince da su, da wasu da ya ƙi, tare da dalilin ƙin kowace ɗaya. Waɗannan misalai su ne za su zama alƙali idan gardama ta taso, domin gani ya kori ji, kuma sabon ma'aikaci ya fi saurin fahimtar takarda guda da aka yi wa jan alƙalami a kan shafi goma na bayani.

Lokacin karɓar aiki daga hannun mai shi ya fi kowane lokaci tsada idan aka yi masa gaggawa. Littafin ƙa'idojin da za a ba ku yakan ƙunshi hanyar da aiki ke bi idan komai lafiya ne, alhali wahalar tana cikin abubuwan da suka saɓa wa al'ada: takardar da ta zo babu sa hannu, abokin cinikin da sunansa ya sha bamban a wurare biyu, kuɗin da aka biya sau biyu. Tsofaffin ma'aikatan mai ba da aiki sun san yadda ake warware waɗannan, amma ba su taɓa rubutawa ba, sau da yawa ma ba su san cewa sun sani ba. Don haka a tura mutum biyu ko uku daga cikin waɗanda za su yi aikin da hannunsu, ba manajoji kaɗai ba, su zauna kusa da tsofaffin nan na wasu makonni, su kalla, su tambaya, su rubuta duk inda hannu ya bi wata hanya dabam da abin da littafi ya ce. Bayan haka sai a juya: sababbi su yi aikin, tsofaffi su kalla. A tuna kuma cewa waɗannan mutane suna koya wa wanda zai iya gadar kujerarsu ne, saboda haka ba abin mamaki ba ne idan bakinsu ya yi nauyi, kuma girmamawa da haƙuri sun fi takardar umarni daga sama fito da abin da ke cikinsu.

A yi hattara da abin da ake aunawa

Kowace yarjejeniyar jinga tana zuwa da ma'aunai: cikin daƙiƙa nawa za a ɗaga waya, cikin awa nawa za a gama takarda, kashi nawa cikin ɗari ne za su fita babu kuskure. Ma'aikata kuwa ba sa bin abin da aka rubuta a allon bango game da darajar abokin ciniki, suna bin abin da ake ƙirgawa ne a ƙarshen wata. Idan aka matsa wa mai amsa kira a kan tsawon lokacin da yake yi a waya, zai koyi sallamar mutane da wuri, ko ya tura su wani sashe, ko layi ya riƙa «katsewa» a daidai lokacin da matsala ta yi zafi. Alƙaluma za su yi kyau, mutumin kuma zai sake kira gobe cikin fushi. Shi ya sa duk ma'aunin sauri yake buƙatar abokin tafiya da zai taka masa burki, kamar adadin waɗanda aka warware wa matsala a kira na farko, ko adadin takardun da aka dawo da su domin gyara.

Abin da ya sami kamfanin kwamfuta na Dell a 2003 ya isa ishara. Kamfanin ya janye amsa kiran wasu manyan abokan cinikinsa na kamfanoni daga cibiyarsa ta Bengaluru ya mayar Amurka, bayan koke-koken da suka haɗa da cewa ma'aikata suna karanto amsoshi daga rubutaccen jawabi maimakon su saurari matsalar. Mutum yana iya cika kowace ƙa'ida ta takardar dubawa, ya yi gaisuwa, ya ambaci suna, ya yi godiya, amma kwamfutar mai kira tana nan a mace.

Akwai kuma wani lissafi da ya kamata kowane manaja ya yi da kansa kafin ya sa hannu a yarjejeniya. A ce takarda tana da gurabe 50 da za a cike, kuma an ce ma'aikata suna daidai a kashi 99 cikin 100 na gurabe. Kunne zai ji daɗin wannan adadi, amma idan aka lissafa, kusan takardu 40 cikin kowace 100 za su fita da aƙalla kuskure ɗaya. Kamfanin jinga zai rantse ya cika alkawari, mai ba da aiki zai rantse an cuce shi, kuma dukansu gaskiya suke faɗa, domin ɗaya yana ƙirga gurabe, ɗaya yana ƙirga takardu. A rubuta a fili wanne ake nufi. Haka kuma a raba kurakurai gida biyu: waɗanda ke jawo asarar kuɗi ko karya doka ko fallasa sirrin wani, da waɗanda suka tsaya ga rashin kyan gani. Na farko ɗaya tak ya isa ya rushe makin aikin gaba ɗaya, kada a bari a haɗa shi a kwano ɗaya da waƙafin da aka manta.

Tsarin rage kurakurai na Sigma Shida, wanda Motorola ya fito da shi a 1986, General Electric kuma ya yaɗa shi daga 1995 a zamanin shugabansa Jack Welch, ya sa burinsa a kurakurai 3.4 cikin miliyan. A ganina ƙaramin kamfani ba ya buƙatar ya wahalar da kansa da wannan adadi. Abin ɗauka a ciki shi ne ɗabi'ar auna halin da ake ciki kafin a taɓa komai, domin wanda bai san inda ya tashi ba ba zai iya rantsewa cewa ya yi gaba ba.

Yadda ake dubawa

Ba za a iya duba kowane aiki ba, sai dai a ɗauki samfuri, kuma a bar wa kwamfuta zaɓen, domin idan aka bar wa mutum zai ɗauki gajerun kira da takardu masu sauƙi. A ƙara yawan samfuri a kan sabon ma'aikaci, da sabon nau'in aiki, da makon da aka canza wata ƙa'ida. Kira huɗu ko biyar da aka saurara cikin ɗaruruwan da mutum ya amsa a wata ba su isa a yanke masa hukunci ba, amma idan aka tara na rukunin gaba ɗaya sukan nuna inda tsarin yake yoyo, kuma wannan ne amfaninsu na gaskiya.

Masu dubawar su ma suna buƙatar mai duba su. Sau ɗaya a mako, ko aƙalla sau biyu a wata, a ɗauki aiki ɗaya a ba duk masu dubawa da shugabannin rukuni da wakilin mai ba da aiki, kowa ya ba shi maki shi kaɗai, sannan a buɗe a kwatanta. A karon farko bambancin yakan ba kowa mamaki. Inda aka saɓa, a tattauna har a tsaya a kan fahimta ɗaya, a rubuta ta, a ƙara wannan aikin cikin tarin misalai. Idan ba a yin wannan zama, ma'aikata za su gane da wuri cewa maki ya danganta ne da wanda ya duba, kuma daga ranar sun daina ɗaukar sa da muhimmanci.

Sai batun karanta alƙaluma. Tun 1924 Walter Shewhart ya nuna a masana'antar wayar tarho ta Amurka cewa kowane aiki yana da hawa da sauka na ɗabi'a, kuma dole a bambanta wannan da canjin da wani dalili na musamman ya haifar. A zana adadin kurakurai na kowace rana a jere na tsawon makonni, a ga iyakar da yake yawo a cikinta. Idan na yau yana cikin iyakar, babu dalilin kiran taro ko neman mai laifi. Idan ya tsallake ta, ko ya yi ta hawa kwanaki a jere, ruwa ba ya tsami banza, a bincika. W. Edwards Deming, wanda ya koyar da masu masana'antun Japan tun 1950, ya tsaya kai da fata cewa mafi yawan matsalolin inganci daga tsari suke, tsari kuwa a hannun shugabanni yake. Manajan da ke tsawa duk ranar da adadi ya ɗan hau, ya kuma yi yabo duk ranar da ya ɗan sauka, yana yi wa iska hukunci ne.

Daga kuskure zuwa darasi

A nan ne yawancin kamfanoni suke tsayawa. Suna gano kuskure, su gyara takardar, su kira ma'aikacin su ja masa kunne, su rubuta «an sake horas da shi» a rahoto, shi ke nan. Bayan wata uku wani sabo ya zo ya faɗa ramin nan dai, domin ba a cike shi ba.

A buɗe rajista guda ɗaya ta kurakurai, kowane da ranarsa da nau'insa da matakin da ya faru a kai. A ƙarshen wata a jera nau'o'in daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Kusan kullum za a tarar nau'i biyu ko uku ne suka kwashe kaso mafi tsoka, abin da masanin inganci Joseph Juran ya jawo hankali a kai ya kuma jingina wa sunan Pareto, wani masanin tattalin arziki ɗan Italiya. A ɗauki na saman kawai, a bar sauran su jira, domin kwamiti mai farautar matsala goma sha biyu a lokaci ɗaya ba ya dawowa da ko ɗaya.

Sannan a bi wanda aka ɗauka da tambayar «me ya sa» har a kai ga tushe, kamar yadda Taiichi Ohno ya saba yi a Toyota, inda ya ce a maimaita tambayar sau biyar. A ce an sami takardun biya da yawa da kwanan wata ba daidai ba. Me ya sa? Ma'aikata suna musanya rana da wata. Me ya sa? Takardun da ke zuwa daga Amurka suna fara rubuta wata, na Ingila suna fara rubuta rana. Me ya sa ma'aikaci ba ya bambancewa? Allon da yake gani ba ya nuna ƙasar da takarda ta fito. Me ya sa? Lokacin da aka tsara allon, daga ƙasa ɗaya kawai aiki yake zuwa. Me ya sa ba a gyara ba da aka ƙara ƙasa ta biyu? Babu wanda aka ɗora wa alhakin duba allo idan aiki ya faɗaɗa. A wannan gaɓa maganin ya fito fili, kuma ba horo ba ne: a sa allon ya nuna ƙasa, ya ƙi karɓar wata na 13, a kuma naɗa wanda zai riƙa bitar kayan aiki duk lokacin da yarjejeniya ta canza. Idan binciken ya ƙare a kan «sakacin ma'aikaci», a ɗauka ba a gama tambaya ba. Sakaci yana faruwa, ba a musu, amma idan mutum shida dabam-dabam suka yi sakaci iri ɗaya a wuri ɗaya, wurin ne ya kamata a tuhuma.

Duk wannan ba zai yiwu ba idan mutane suna tsoron faɗin kuskurensu. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard, a binciken da ta yi a asibitoci a shekarun 1990, ta tarar da abin da ba ta zata ba: rukunonin ma'aikatan jinya da suka fi kyakkyawan shugabanci su ne suka fi yawan kurakurai a rubuce. Da ta zurfafa sai ta gane ba wai sun fi yin kuskure ba ne, sun fi yarda su faɗa ne. A Toyota ma kowane ma'aikaci yana da ikon jan igiya ya kira shugaban rukuni, har layin ƙira ya tsaya idan ba a warware ba. Kamfanin jinga yana iya yin kwatankwacin haka da ƙa'ida mai sauƙi: wanda ya kawo rahoton kuskurensa da kansa kafin a gano, ba za a taɓa alawus ɗinsa a kai ba, wanda ya ɓoye kuwa shi ne zai fuskanci hukunci. Ranar da aka fara wannan, adadin kurakurai a rajista zai hau, kuma wajibi ne shugaba ya sanar da mai ba da aiki tun da wuri domin kada ya ɗauka abubuwa sun lalace ne.

Darasin da dole ya tsallaka zuwa gidan mai aiki

Masana Chris Argyris da Donald Schön sun bambanta koyo iri biyu a shekarun 1970. Akwai wanda ake gyara aiki domin ya dace da ƙa'ida, akwai kuma wanda ake tsayawa a tambayi ƙa'idar kanta ko daidai take. Na biyun ne ya fi wuya a jinga, domin ƙa'idar ba taku ba ce. Cibiyar amsa kira tana iya ƙwarewa wajen lallashin mutanen da ba su fahimci takardar kuɗinsu ba, ta yi shekara tana samun maki mai kyau, alhali abin da ake buƙata shi ne mai ba da aiki ya sake tsara takardar yadda babu wanda zai buƙaci kira.

Sai dai a faɗi gaskiya, idan ana biyan kamfani ne bisa yawan kiran da ya amsa ko yawan kujerun da ya cika, kai irin wannan shawara kamar mutum ya sare reshen da yake zaune a kai ne. Mafita ita ce a shigar da batun cikin yarjejeniya tun farko, ko a lokacin sabunta ta: idan shawarar kamfanin jinga ta rage wa mai aiki kuɗi, a raba ribar bisa kason da aka amince na wani lokaci. Ko da ba a sami wannan ba, ina ganin kai shawarar ya fi riƙe ta, domin wanda ke sayar da hannu kawai ana musanya shi da duk wanda ya fi araha, amma wanda ya san aikin mai gida fiye da mai gidan ba a rabuwa da shi cikin sauƙi. A taron bita na wata-wata a ware lokaci na musamman, dabam da karanta alƙaluma, inda za a gabatar da abubuwa biyu ko uku da tushensu yake ɓangaren mai aiki, tare da hujja daga rajista da ƙiyasin abin da suke ci. A gabatar da su a matsayin abin da aka gani, ba ƙorafi ba.

Yadda darasi ke zama ya daɗe

Kafin a yaɗa kowane gyara, a gwada shi a rukuni ɗaya na mako biyu ko uku, a kwatanta da alƙaluman da aka ɗauka kafin gwaji. Wannan shi ne zagayen da aka fi sani da sunan Deming: a tsara, a gwada, a duba sakamako, sannan a tabbatar ko a watsar. Idan ya yi aiki, sai a bi shi zuwa wurare uku a mako guda: littafin ƙa'idoji, darussan horas da sababbi, da takardar da masu dubawa ke amfani da ita. Idan aka manta da ɗaya, za a wayi gari ana koya wa mutum abu ɗaya ana kuma hukunta shi da wani.

Littafin ƙa'idoji ya kasance guda ɗaya, a wuri ɗaya, kowane shafi da sunan mai kula da shi da ranar da aka yi masa bita ta ƙarshe. Abin da ke kashe irin waɗannan littattafai shi ne ƙari ba ragi: kowane kuskure ya haifi sabon sakin layi, har shafi ya zama daji, ma'aikaci kuma ya koma tambayar na kusa da shi ko ya dogara da 'yar takardar da ya manna a gefen allo. Waɗannan 'yan takardu, af, kada a yage su cikin fushi. A karanta su tukuna, domin sau da yawa su ne ainihin yadda ake aikin.

A ƙarshen kowane babban aiki, ko bayan wata rana mai tsanani, a yi zama na rabin awa irin wanda sojojin Amurka suka saba yi bayan atisaye, a amsa tambayoyi huɗu: me aka yi niyya, me ya faru, me ya kawo bambancin, me za a yi dabam. A yi shi da zafinsa, kuma ƙarami ya fara magana kafin babba, in ba haka ba kowa zai maimaita abin da oga ya faɗa. Idan ƙwararren ma'aikaci ya ba da sanarwar tafiya, a rage masa aikin yau da kullum a makonninsa na ƙarshe, a haɗa shi da magajinsa, a nemi ya lissafa matsaloli goma mafi wuya da ya taɓa warwarewa da yadda ya yi. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka kowane muhimmin aiki ya kasance da mutum na biyu da ya iya shi tun kafin a ji labarin sallama.

Kamfanin da ke yi wa gidaje da yawa aiki yana da wata dama da babu wani daga cikinsu da yake da ita, wato darasin da aka koya a aikin banki yana iya amfanar aikin inshora. A riƙa haɗa shugabannin rukunoni lokaci zuwa lokaci su yi musayar hanyoyi, amma a ja layi mai kauri: hanya ce take tsallakawa, bayanan mai aiki da sunayen abokan cinikinsa ba sa barin ɗakinsu. Wipro, wanda ya fara ɗauko dabarun Toyota zuwa aikin manhaja a 2004, ya fara ne da 'yan ayyuka kaɗan na gwaji, kuma sai da aka ga sakamako sannan aka faɗaɗa.

Batun takardun shaida

Tambayar da sababbin kamfanoni suka fi yi ita ce wace takardar shaida za su nema. ISO 9001, wadda ta fara fitowa a 1987, ita ce ta gama-gari, kuma bugun 2015 ya ƙara sashe na musamman da ke buƙatar kamfani ya tantance ilimin da aikinsa ke buƙata ya kuma adana shi. Masu rubuta manhaja suna da ma'aunin balagar tsarin aiki mai matakai biyar da Cibiyar Injiniyancin Manhaja ta Jami'ar Carnegie Mellon ta fitar, wanda cibiyar Motorola ta Bengaluru ta kai ƙololuwarsa a 1993, kamfanonin Indiya da yawa kuma suka bi sahu. Cibiyoyin amsa kira suna da ma'aunin COPC tun 1996, masu riƙe bayanan mutane kuma akan tambaye su ISO 27001. Wasu masu ba da aiki ba za su ko buɗe takardar tayinku ba idan babu waɗannan, don haka amfaninsu a kasuwa ba abin rainawa ba ne.

Amma kowa a wannan harka ya san kamfanin da ke ɗauko mai ba da shawara ya rubuta masa kundaye, a share ofis mako guda kafin zuwan masu bincike, a haddace amsoshi, a karɓi takarda a rataye a bango, sannan a koma gidan jiya. Shawarata ita ce a yi wata shida zuwa shekara ana gudanar da rajista da zaman daidaita maki da bitar wata-wata, sannan a kira masu bincike su zo su ga abin da ya riga ya zama al'ada. Kafin su zo, shugaba yana iya yin nasa gwajin cikin awa ɗaya: ya buɗe rajista ya zaɓi kuskure guda na wata shida da suka wuce, ya nemi a nuna masa tushen da aka gano, da shafin littafi da aka canza, da darasin horo da aka gyara, sannan ya sauka wurin aiki ya sami ma'aikacin da aka ɗauka watan jiya, ya miƙa masa irin wannan takarda, ya ja kujera ya zauna kusa da shi ya ga yadda zai yi da ita.